Gonar da Sarki Ya Kasa Saya

Ya mai karatu, ga wata tambaya, ka yi tunani a kanta kafin ka amsa. A ce sarki da kansa ya zo wurinka ya ce yana son gonarka. Bai zo da dogarai ba, bai kuwa tsorata ka ba. Ya ce zai ba ka wata gona wadda ta fi taka kyau, in kuwa kuɗi ka fi so, zai biya ka cikakken tamaninta. Za ka ƙi? In ka ƙi, mutane za su ce kana da hankali, ko kuwa za su ce taurin kai ya hana ka arziki?

Wannan abu ya taɓa faruwa a ƙasar Isra'ila. Sunan sarkin Ahab. Ya yi sarauta shekara 22 a Samariya, ya mutu wajen shekara ta 853 kafin haihuwar Almasihu. Mai gonar kuwa wani talakansa ne, Nabot mutumin Yezreyel. Gonar inabinsa tana jikin gidan sarki, sarki kuwa yana so ya mai da ita lambun kayan miya. Nabot ya ƙi. Bai yi ciniki ba, bai ce kuɗin sun yi kaɗan ba. Dalilinsa ɗaya ne: gonar gadon kakanninsa ce, yana kuwa tsoron Ubangiji a kanta. Labarin yana cikin 1 Sarakuna sura 21.

Wannan ƙi ya zama sanadin ajalinsa. To, a kan me ya tsaya har haka? Ba za mu gane ba sai mun koma baya, mun ga yadda gonaki suka zo hannun Isra'ilawa tun farko.

YADDA AKA RABA ƘASAR

Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasar Kan'ana, amma Ibrahim ya rasu bai mallaki kome a cikinta ba sai filin Makfela, wanda ya saya da shekel 400 na azurfa domin ya binne Saratu. Zuriyarsa suka yi bauta a Masar, suka yi shekara 40 a jeji. Da suka iso gabashin Kogin Urdun, Allah ya umarci Musa ya ƙidaya su. Aka sami maza 601,730 daga mai shekara 20 zuwa sama (Littafin Ƙidaya 26).

An yi ƙidayar ne domin rabo, rabon kuwa yana da ka'ida biyu. Ta fari, kabila mai jama'a da yawa ta sami ƙasa mai faɗi, mai jama'a kaɗan ta sami daidai da ita. Ta biyu, a jefa ƙuri'a a gaban Ubangiji domin a san gefen da kowa zai zauna. Da haka ba wanda zai zaɓar wa kansa fadama saboda ƙarfinsa, ya bar wa ɗan'uwansa tsandauri.

Kabilar Ra'ubainu, da ta Gad, da rabin ta Manassa sun karɓi nasu a gabashin Urdun tun Musa yana da rai. Sauran sun karɓa a yamma, ta hannun Joshuwa da Ele'azara firist da shugabannin gidaje. Sa'ad da ya rage kabila bakwai, Joshuwa ya aiki mutum uku uku daga kowace kabila. Suka zaga ƙasar, suka rubuta bayaninta gari gari a littafi, kashi bakwai, suka kawo masa a Shilo, a can aka jefa ƙuri'a (Joshuwa 18). Da aka ga rabon Yahuza ya fi ƙarfinsu, sai aka yanka wa Saminu nasa daga ciki. Joshuwa kuwa, shi da ya ja su cikin yaƙi, sai da kowa ya samu sa'an nan aka ba shi gari ɗaya. Shugabanni nawa ka sani da suke cin nasu rabo daga ƙarshe?

Kabila ɗaya ba ta sami yanki ba, wato Lawiyawa masu hidimar sujada. An ba su garuruwa 48 a warwatse cikin sauran kabilu, da makiyaya kewaye da su, da ushirin da jama'a suke kawowa. Allah ya ce shi kansa ne rabonsu.

Kada ka yi tsammani an ba Isra'ilawa ƙasar domin sun fi sauran mutane kirki. Musa ya faɗa musu a fili cewa su masu taurin kai ne, kuma muguntar mazaunan farko ce ta sa aka fid da su (Maimaitawar Shari'a 9). An kuma gargaɗe su cewa in suka yi irin wannan aiki, su ma ƙasar za ta amayar da su. Ashe kyauta ce aka ba su, kyautar kuwa tana da Mai ita.

GADO A CIKIN GIDA

Kowace kabila ta raba yankinta ga dangi, kowane dangi ya raba wa gidaje. Sa'ad da mai gida ya rasu, 'ya'yansa maza suke gadonsa, ɗan fari ya ɗauki rabo biyu. Shari'a ta san halin gidan da akwai kishiyoyi. Ta ce in mutum yana da mata biyu, ɗan farinsa kuwa ɗan bora ne, ba shi da iko ya ɗauki hakkin ɗan fari ya ba ɗan mowa (Maimaitawar Shari'a 21). Son zuciyar uba ba ya sāke abin da Allah ya tsara.

In kuwa mutum bai bar ɗa namiji ba fa? Wani mutumin kabilar Manassa, Zelofehad, ya mutu a jeji ya bar 'ya'ya mata biyar: Mala, da Nowa, da Hogla, da Milka, da Tirza. Suka tashi suka tsaya a gaban Musa da firist da shugabanni da dukan taro. Suka ce bai kamata sunan ubansu ya ɓace daga danginsa ba don kawai bai haifi namiji ba. Musa bai kore su ba, bai kuwa ce ba a saba yin haka ba. Ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ce 'yan matan suna da gaskiya. Daga ranar aka kafa doka: in ba ɗa, 'ya ta gāda, in ba 'ya, 'yan'uwan mamacin, in ba su, 'yan'uwan ubansa, in ba su, dangin da ya fi kusa (Littafin Ƙidaya 27).

Daga baya dattawan Manassa suka kawo wata damuwa. In 'yan matan nan suka auri mutanen wata kabila, gonakinsu za su bi 'ya'yansu, yankin Manassa ya ragu. Su ma aka ce suna da gaskiya. Aka shirya cewa mace mai gādon ƙasa ta auri wanda take so, amma a cikin kabilar ubanta. Su biyar ɗin suka auri 'ya'yan 'yan'uwan ubansu (Littafin Ƙidaya 36). Ka lura, ba a danne hakkin mata don a tsare kabila ba, ba a kuwa rushe kabila don a biya mata ba. An saurari kowa.

SHEKARA TA HAMSIN

Amma duniya ba ta tafiya daidai. Ruwa yakan ɗauke, fara takan sauka, ciwo yakan kwantar da mai gida a tsakiyar damina. Mutum ya ci bashi, ya kasa biya, ba abin da ya rage masa sai gona. Me Shari'a ta ce a kan wannan?

Amsar tana cikin Littafin Firistoci sura 25, ita ce kuwa tushen dukan maganar. Allah ya hana a sayar da ƙasa sayarwa ta har abada, gama ƙasar tasa ce, Isra'ilawa kuwa baƙi ne da ya saukar a cikinta. Wanda talauci ya tilasta masa ya sayar, an bar masa ƙofa uku. Danginsa na kusa yana da hakki ya zo ya fanshi gonar. In shi kansa ya sami hali daga baya, sai ya lissafta shekarun da mai sayen ya ci, ya mayar masa da sauran kuɗin, ya koma gonarsa. In duka biyu ba su yiwu ba, sai ya jira shekara ta hamsin, wadda ake kira shekarar murna. A rana ta goma ga wata na bakwai, Ranar Kafara, za a busa ƙaho ko'ina cikin ƙasar, kowa ya koma gādonsa, Ba'isra'ilen da ya sayar da kansa bauta kuma ya koma gida.

Wataƙila za ka ce, ai wannan zalunci ne a kan mai ƙwazo. Mutum ya yi gumi, ya tara, ya sayi gona da halaliyarsa, sa'an nan a karɓe a mayar wa wanda ya kasa riƙe ta? Tambaya ce mai nauyi, ba za mu tsallake ta ba.

Da fari, mai sayen ba ya hasarar kome, gama tun ranar ciniki an lissafta tamanin bisa yawan kakar da ta rage kafin shekara ta hamsin. In shekaru da yawa suka rage, kuɗin ya hau, in kaɗan ne, ya sauka. Amfanin gona ya saya, ya kuwa ci amfaninsa. Na biyu, ba a taɓa hatsin da ya tara, ko dabbobinsa, ko azurfarsa. Har gidan da ya saya a birni mai ganuwa, in shekara ɗaya ta wuce ba a fansa ba, ya zama nasa da na zuriyarsa. Shari'a ba ta hana kowa yin arziki ba. Abu ɗaya ta tsare, wato ƙasar da iyali suke ci daga cikinta. Ko da uban rago ne, ko mashayi, jikan da ba a haifa ba tukuna me ya yi? Allah bai yarda fari na shekara ɗaya, ko wautar mutum ɗaya, ta mai da zuriya duka barori har abada ba.

Littafin Rut ya nuna mana fansa da idonmu. Na'omi ta komo Baitalami ba miji, ba 'ya'ya, sai surukarta Rut, baƙuwa daga Mowab. Bo'aza ya zauna a ƙofar gari da dattawa goma. Dangin da ya fi shi kusa ya so gonar, amma da ya ji akwai gwauruwa tare da ita, sai ya janye, ya tuɓe takalminsa ya ba da shaida. Bo'aza ya fanshi gonar, ya auri Rut, domin sunan mamacin ya zauna a kan gādonsa. Daga wannan gida aka haifi kakan Sarki Dawuda.

AHAB DA NABOT

Yanzu mu koma Yezreyel. Ka ga abin da Nabot ya tsaya a kai. Gonar tana hannunsa, amma ba shi kaɗai yake da magana a kanta ba. Akwai kakannin da suka karɓe ta, akwai 'ya'yan da za su gāje ta, a bisa duka kuwa akwai Allah Mai ƙasar. Talauci bai tilasta masa ba. Gonar da ta shiga lambun fāda kuwa, wa zai je ya fanso ta? Wanda aka ba ajiya ba ya sayar da ita don an taya da tsada. Abin da ya yi kama da taurin kai, riƙon amana ne.

Ahab kansa ya san haka. Shi ya sa bai aiki dogarai ba. Ya koma gida ransa a ɓace, ya kwanta, ya juya fuskarsa, ya ƙi cin abinci kamar yaron da aka hana wa abin wasa. A Isra'ila sarki ma yana ƙarƙashin Shari'a. Amma matarsa Yezebel 'yar sarkin Sidon ce, ba ta san sarautar da take da iyaka ba. Ta yi masa ba'a, ta ce ita za ta samo masa gonar.

Dubi hanyar da ta bi. Ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin Nabot. Ta ce a yi shelar azumi, a zaunar da Nabot a gaban jama'a, a kawo 'yan iska biyu su yi shaida cewa ya zagi Allah da sarki. Me ya sa biyu? Domin Shari'a ta ce ba a kashe mutum da bakin shaida ɗaya. Ta ɗauki azumi, da shaidu, da sunan Allah, ta mai da su wuƙa. Dattawan kuwa, mutanen da suka san Nabot tun yana yaro, ba wanda ya buɗe baki. Aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi. A 2 Sarakuna sura 9 mun ji cewa an zub da jinin 'ya'yansa ma. Magāda suka ƙare, sarki ya tashi ya tafi ya mallaki gonar.

A idon mutane kome ya bi ka'ida. An yi shari'a, an sami shaidu, akwai hatimi. Amma a cikin gonar nan Annabi Iliya ya tarye shi. Ya tuhume shi da laifi biyu, kisa da ƙwace, ya kuma faɗa masa cewa karnuka za su lashi jininsa. Ahab bai rubuta wasiƙar ba, bai ɗauki dutse ba, duk da haka shi Allah ya fara tambaya, gama ya yi shiru ya ci ribar. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ahab ya yayyage tufafinsa ya yi azumi, Allah kuwa ya jinkirta masifar gidansa. Amma wajen shekara ta 841 kafin haihuwar Almasihu, Yehu ya harbe Yoram ɗan Ahab, aka jefar da gawarsa a filin Nabot ɗin nan.

Ahab ba shi ne na ƙarshe ba. Annabi Ishaya ya yi kaito ga masu haɗa gida da gida, gona da gona, har su rage su kaɗai a ƙasa. Annabi Mika ya yi magana a kan masu kwana suna ƙulla yadda za su ƙwace gonaki, gari na wayewa su aikata domin suna da iko. Littafi Mai Tsarki bai ba da labarin wani sarki da ya sa aka busa ƙahon shekara ta hamsin ba. Ƙarshenta, masu ƙwace da waɗanda aka yi wa ƙwace duka suka rasa ƙasar. Assuriyawa suka ci Samariya a shekara ta 722, Babilawa suka rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Mai ƙasa ya karɓi abarsa.

Duk da haka bai yanke musu ƙauna ba. Sa'ad da sojojin Babila suke kewaye da Urushalima, Annabi Irmiya yana tsare, Allah ya ce masa ya fanshi gonar ɗan baffansa Hanamel a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a gaban shaidu, aka ajiye takardun a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Alama ce cewa wata rana za a sāke sayen gonaki a ƙasar (Irmiya 32).

KAI FA?

An ba Isra'ila wannan doka domin zamansu a Kan'ana. Ba a umarce mu mu jefa ƙuri'a ko mu busa ƙaho ba, kowace ƙasa tana da dokarta ta gādo. Amma Allah da ya ba da dokar bai sāke hali ba. Har yanzu ƙasa tasa ce, har yanzu yana ganin iyakar gonar maraya. Musa ya la'anci mai kawar da iyakar maƙwabcinsa, Karin Magana sura 23 kuma ta ce marayu suna da Mai fansa mai ƙarfi wanda zai tsaya musu.

Saboda haka ka bincika kanka. Kowace damina, garmarka tana tsayawa inda ta ubanka ta tsaya, ko tana cin taki ɗaya cikin gonar maƙwabci? Sa'ad da wanka ya rasu, 'ya'yansa ƙanana ne, ka ce za ka riƙe musu gona. Yanzu sun yi gemu, ka mayar? 'Yar'uwarka da ta yi aure a wani gari, ta ga rabonta? Waɗanda suka ga yunwar 1973 ko ta 1984 sun san abin da mutum yakan rabu da shi domin 'yan tiyoyin hatsi. In akwai gonar jingina a hannunka, ka riga ka ci ninkin abin da ka bayar, me ya hana ka buɗe wa mai ita ƙofa? In kuwa kai dattijo ne da ake kira shaida, ka tuna da dattawan Yezreyel. Takarda da hatimi suna iya rufe bakin mutane, amma ba su hana Iliya shiga gonar ba.

Wata rana wani mutum ya roƙi Yesu Almasihu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi. Yesu bai karɓi aikin alƙali ba. Ya gargaɗi taron a kan kwaɗayi, ya ba su misalin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka karɓi ransa (Luka 12). Ciwon Ahab ke nan, yana kuwa cikin zuciyar mai gona ɗaya kamar yadda yake cikin ta mai gona ɗari. Doka mai kyau ba ta warkar da shi a Isra'ila ba, ba kuwa za ta warkar da shi a cikinka ba.

Gaskiyar ita ce, dukanmu mun yi abin da Nabot ya ƙi yi. Allah ya halicce mu domin mu zauna tare da shi, mu kuwa muka sayar da wannan gādo saboda zunubi, ba mu da abin da za mu fanso shi. Muna bukatar dangi na kusa wanda yake da hali, yake kuma da niyya. Domin wannan Yesu Almasihu ya zama mutum kamarmu. Shi ma shaidun ƙarya suka tsaya a kansa, shi ma a bayan gari aka kashe shi. Amma ya ba da ransa da yardarsa, fansa domin masu zunubi, Allah kuwa ya tashe shi daga matattu a rana ta uku. Manzo Bitrus ya ce waɗanda suka gaskata da shi suna da gādo a sama wanda ba ya lalacewa (1 Bitrus 1). Wannan gādo ba sarkin da zai ƙwace, ba fari da zai sa a jinginar da shi, mace da namiji, ɗan mowa da ɗan bora, duka rabonsu ɗaya ne.

Sa'ad da Yesu ya shiga gidan Zakka mai karɓar haraji, Zakka ya tashi ya yi alkawari zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Wanda aka fansa, hannunsa yakan saki abin da ba nasa ba. Ya mai karatu, ka roƙi Allah gafara cikin sunan Yesu Almasihu yau. In kuwa akwai gonar wani a hannunka, kada ka jira shekara ta hamsin. Ka kira dattawa biyu, ka je wurin mai ita kafin ruwan shuka ya sauka.